Abin da Soson Kujera Ya Riƙe

A wurin aiki Injiniya ake ce mata, sunan kuwa ya bi ta har gida, don mijinta ma da shi yake kiranta. Aikinta bin sawun iska ne. A bayan gari akwai wani tsohon juji da aka daɗe ana binne sharar birni a ciki, daga baya aka rufe shi da ƙasa har ya zama tudu, ciyawa ta tsiro a kai. Baƙo in ya hango shi daga titi sai ya ɗauka tsauni ne. A can cikinsa shara tana ruɓewa a hankali tana fitar da gas. Mafi yawansa irin mai kama wuta ne, an kuma kafa bututai masu zuƙe shi. Amma akwai waɗansu ƙananan iskoki da ke tafe tare da shi, 'yan mitsi-mitsi, daga ragowar fenti da gam da maganin wanki da ruɓaɓɓen abinci. Waɗannan su ne nata. So take ta san yadda suke ratsa shara su hau sama, ina suke yada zango, me yake riƙe su, yaushe kuma yake sakinsu.

Mahaifiyarta, wadda take zaune tare da su tun rasuwar mahaifinta, ba ta taɓa son wannan bayani ba.

"Ni in aka tambaye ni aikin 'yata, malama nake cewa," in ji ta. "Ina zan buɗe baki in ce iskoki take bi a juji? Ai sai mutane su fara zuwa yi min jaje."

Mijin, malamin makaranta ne mai son tsokana, sai ya ce, "Umma, ai gaskiya ce. Duk faɗin garin nan ba wanda ya kai ta sanin 'yan iska."

Ɗakin binciken nata a hawa na biyu yake, taga ɗaya gare shi, tana kallon wata bishiya da ba ta cika motsi ba. A kan dogon teburi an jera bututan gilashi a tsaye, kowanne tsawon hannu. Ɗaya ta cika shi da yagaggen kwali, ɗaya da tsumma, ɗaya da soson katifa, wani leda, wani ƙasa, wani taki. Duk daga jujin aka haƙo su, aka busar a tanda aka auna. Takan tura ɗan ɗigon iska ta ƙasan bututu, ta zauna jiran na'urar da ke sama ta ce ga shi ya iso. A cikin yashi wucewa yake yi fuu, kamar mai sauri zuwa tasha. A kwali yakan ɗan tsaya gaisawa. A soso kuwa sai ya samu wuri ya miƙe ƙafa, wani lokaci sai ta tashi aiki ta dawo washegari bai fito ba.

Wannan jinkirin take mayarwa lissafi ta zuba a kwamfuta, inda ta gina wani jujin na lambobi, hawa bisa hawa, kamar na gaske. In ta sake shi ya yi tafiya, sai wani shuɗin hazo ya taso daga ƙasan allon yana rarrafe, ya tsaya nan, ya kewaye can. Da la'asar, sa'ad da fanka ke juyi kuma rana ta faɗo a kan gilasan, takan zuba wa hazon ido har ta ji kamar ita ce ta ƙanƙance ta shiga ciki. Ta ga kanta tana bin lunguna masu duhu da ɗumi, ta wuce wani takalmi da ya rasa ɗan'uwansa, ta wuce katifar jariri, ta wuce tulin jaridun da ba wanda zai sake karantawa. Kowanne yana da ƙofofi barkatai a buɗe, kowanne yana cewa ta shigo ta huta. Sai ƙarar na'ura ta dawo da ita kan kujera.

Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ita da take wannan aiki ba ta jin wari, ba ta jin ƙamshi. Shekarun baya wani zazzaɓi ya kwantar da ita. Ta tashi garau, amma hancinta ya ci gaba da barci. Likita ya ce yana iya farkawa, yana iya ƙi. Tun daga nan abinci ya koma gishiri da zaƙi da yaji kawai. In tukunya ta kama, sai Umma ta kira daga ɗaki ta ce ana ƙauri. Duniya ta zame mata kamar wadda ake kallo ta bayan gilashi, ga ta nan tsaf, amma ba ta shigowa.

A wurin aiki dai abin ya yi mata rana. Dogo, ma'aikacin da ke kula da na'urori, wanda ya girme ta nesa ba kusa ba, yakan ɗaure hanci ya yi ta tsaki tun daga ƙofar juji. Ita kuwa tafiyarta take kamar mai yawo a lambu. Abin da take sauraro kawai 'yar na'urar da ke maƙale a rigarta, mai kuka in iska ta yi haɗari. Motar ofis kullum tana gareji, don haka a tata motar take ɗauko buhunan samfuri, da dogayen takalma, da rigar aiki, ta jibge su a kujerar baya.

Abu ɗaya ne ya hana ta sakat. Jujin kwamfuta da jujin gaske suna tafiya kafaɗa da kafaɗa muddin gari ya bushe. Amma akwai ranakun da ma'aunin da suke ɗauka a kan tudun yakan yi tsalle, ƙananan iskokin su fito da yawa a lokaci guda, alhali lissafinta cewa yake ba komai. Ta zargi zafin rana, ta zargi nauyin iskar sama, ta sa Dogo ya kwance na'ura ya ɗaura. Ruwan sama kuwa ta riga ta sa shi a lissafi a matsayin mai toshe ƙofofin ƙasa, wato mai rage fitowa, don haka ba ta sake waiwayarsa ba.

Ran nan da yamma suna kan tudun, bayan gari ya daɗe bai ga ruwa ba, sai hadari ya haɗo. Sun kifa ƙwaryar ƙarfen da suke tara iskar ƙasa a ciki, batirin na'urar aunawa ya mutu, Dogo ya gangara ɗauko wani. Ta zauna a kan kifaffen bokiti, ta sauke takunkumin fuskarta don ta sha ruwa. Daga nan sama ana ganin birnin duka, ya yi shiru, ya yi toka-toka. Tsuntsaye sun yi ƙasa-ƙasa suna shawagi. Yayyafi ya fara sauka ɗaya-ɗaya, yana barin ɗigo baƙi a kan busasshiyar ƙasa.

Sai ta tsinci kanta tana tunanin mahaifinta. Ga shi a tsugune a ƙofar tsohon gidansu, da gwangwanin fenti kore a gefensa, yana shafa wa ƙyaure, yana ce mata ta matsa kada ta ɓata riga. Ta yi mamakin abin da ya kawo shi yanzu. Bayansa sai ga ɗakin gwaji na makarantarsu, ranar da malami ya haɗa wani abu duk aji suka gudu waje suna dariya suna cewa ruɓaɓɓen ƙwai. Ta ɗan jima a haka tana kallon hotunan suna wucewa, kafin ta gane ba daga kanta suke fitowa ba. Ta hanci suke shigowa.

Ta ajiye gorar ruwan a hankali, kamar mai tsoron kada ta tashi wani daga barci. Ta duba 'yar na'urar rigarta, shiru take. Ta ja numfashi. Yana nan. Wari ne, mai tsami-tsami, da ɗan hamami a ƙarƙashinsa, da wani abu mai kaifi kamar man goge farce.

Da Dogo ya dawo sai ya same ta a durƙushe, tafukanta a ƙasa, ruwa yana bin fuskarta.

"Injiniya, lafiya? Wani abu ya faɗi ne?"

"Dogo, wari nake ji."

"Ai dole. Da ruwa ya taɓa ƙasar nan haka take yi."

"Ni nake ji," ta ce.

Ya tsaya da batir a hannu yana dubanta. Can ya ce, "Alhamdulillahi." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma hancin naki bai iya zaɓen wurin farkawa ba."

Suka ɗauki ma'auni a gurguje, ya yi irin tsallen nan da ya saba, suka tattara kaya suka gangaro. Dogo ya hau babur ɗinsa ya wuce. Ita kuwa ta tarar ta bar gilasan motarta a sauke, yayyafi ya jiƙa kujeru. Tana buɗe ƙofa ta ja da baya.

Abin da ta ji a kan tudu ashe ɗanɗano ne. Nan a cikin motar yake zaune da iyalinsa. Ɗoyi ne tsoho, mai nauyi, wanda ya shiga soso da labule da rufi ya yi gida. Ta shiga ta zauna, ta riƙe sitiyari, ba ta tayar ba. Ruwa yana ƙwanƙwasa rufin motar. Abubuwa suka riƙa zuwa mata ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar yadda suke fitowa daga bututan gilashinta. Umma a kujerar gaba da hankici a baki, tana cewa mura ce ta ƙi sakinta. Umma tana cewa a sauke gilashi, ita iskar Allah take so, ko da ana sanyi. Mijinta da ya ce likita ya ba shi shawarar tafiya a ƙasa, ya koma zuwa makaranta da ƙafa. 'Yan kwalaben da yake ratayawa a madubi, yana cewa ado ne. Maƙwabciyarsu da kullum in ta tsaya za ta rage mata hanya sai ta ce na gode, yanzu za a zo ɗaukata.

Ta tuƙa zuwa gida a hankali, gilasai a sauke. A hanya hancin ya riƙa yi mata wasan ɓuya. Ta ji hayaƙin wata babbar mota sarai, ta wuce gidan burodi ba ta ji komai ba. Ta ji zarnin wani lungu, ta wuce mai sayar da furanni kamar ta wuce bango.

Ta tarar da su a falo. Umma tana ninke wanki a kan tabarma, mijin yana duba takardun ɗalibai da jan biro. Ta yi sallama ta tsaya a bakin ƙofa, takalmi a hannu.

"Tun yaushe motata take wannan wari?"

Umma ta ɗago. Mijin ya ajiye biro. Suka dubi juna kamar yaran da aka kama da hannu a gwangwanin sukari.

"Wa ya faɗa miki?" in ji Umma.

"Ba kowa. Ji na yi."

Umma ta saki rigar da take ninkewa. Ta daɗe tana kallonta, leɓenta yana motsi da addu'a. Sannan ta ce, "Zo nan. Zauna."

Ta zauna kusa da ita a kan tabarmar. "Umma, shekara da shekaru ina ɗaukarki a cikinta zuwa asibiti, zuwa kasuwa. Me ya hana ki faɗa min?"

"In ce miki me? Kina dawowa daga jujin nan fuskarki a sake, kina ba mu labarin soso da kwali. Shi ne wuri ɗaya da rashin hancin bai dame ki ba. Sai in zo in ce miki ga abin da kike jawo mana? Ni dai ban iya ba." Ta ja wata rigar ta shimfiɗa a cinya. "Kuma ba wari ne na kashe mutum ba. Da na ji yana sa ni jiri da tuni kin ji bakina."

Injiniya ta juya ga mijin. "Kai fa, Malam? Kai da tafiyar ƙafarka?"

"Tafiyar ta karɓe ni, dubi cikina," ya ce, yana shafa tumbi. Da ya ga ba ta yi dariya ba sai ya gyara zama. "Na so in faɗa. Na ce bari in fara gwada wankewa, in ya tafi shike nan, ba sai an yi magana ba. Duk ranar hutun da kika gan ni da bokiti, ba ƙura nake wankewa ba. Amma abin ya fi ƙarfina. In ta bushe sai ya lafa, ka ce ya tafi. Da ruwa ya taɓa kujerar sai ya taso sabo fil, har ya fi na da."

"Da ruwa ya taɓa ta," ta maimaita.

"Ƙwarai. Shi ya sa na daina wankin."

Dogo ma haka ya ce a kan tudu, ba ta saurara ba don hankalinta yana wani wuri. Ta tuna tandar ɗakin bincike, da yadda take busar da kowane samfuri ƙayau kafin ta cusa shi a gilashi, don ma'auni ya fita tsaf. Duk bututanta busassu ne. Jujin da ta gina a kwamfuta bai taɓa sanin abin da soso ko ƙasa suke yi a lokacin da ruwa ya fara shigarsu ba.

"To, ta tafi," in ji mijin ga Umma. "Dubi idonta. Ta koma wurin iskokinta."

Amma ba ta tafi ba. Ta matsa ta kwantar da kanta a kafaɗar mahaifiyarta, ta tura hanci cikin mayafinta, ta ja numfashi mai tsawo. Ta sake ja. Ba komai. Yadi ne kawai mai laushi da ɗumin jiki.

"Kin ji?" Umma ta tambaya ƙasa-ƙasa.

"Tukuna."

"To bar shi. Wanda ya daɗe yana barci ba ya tashi da gudu." Ta ɗora hannu a kanta, ta ci gaba da ninke wanki da hannu ɗaya.

Washegari Injiniya ta ɗauki reza ta yanko soso daga ƙarƙashin kujerar bayan motar, ta kai ɗakin bincike. Dogo ya dube shi ya dube ta, sai ya ɗauko bututu mai tsabta. Suka bi ta cikinsa da busasshiyar iska, na'ura ta nuna kaɗan. Suka bi da iska mai laima, layin da ke kan allo ya miƙe tsaye. Ta koma kan tsofaffin bututanta ta yi musu haka ɗaya bayan ɗaya. Ƙasa ta fi kowa saurin saki: ruwa yana shigowa ya ƙwace wuraren zama, baƙin da suka lafe a ciki su tashi gaba ɗaya. Kwali ya saki rabi ya riƙe rabi. Taki kuwa bai damu sosai ba, abin da ya kama ya kama.

Aikin ya ci makonni. Farfesan da ke shugabantar sashen ya karanta, ya ce ta maimaita, ta maimaita. Da ta zuba sababbin lambobin, shuɗin hazon nan ya canza hali. Yakan taru a ƙarƙashin murfin ƙasa ya yi lamo lokacin rani, da an sako masa ruwan farko sai ya yi ajiyar zuciya ya fito. Bai yi daidai da jujin gaske ɗari bisa ɗari ba, amma sun daina musu. Ta rubuta shawarar a gwada shimfiɗa taki a wani yanki na tudun a gani, aka ce za a duba. Buhunan samfuri kuma aka saya musu akwatin ƙarfe mai murfi.

Motar aka kai wa mai gyaran kujeru, ya ce sai an cire soson duka, har na rufi. A kwanakin da take wurinsa, Injiniya ta koma dawowa gida da ƙafa, ta wani titi da ta sha wucewa a mota ba ta taɓa lura da shi ba. Hancin yana nan da halinsa, yau ya ba ta, gobe ya hana. Masu wari su suka riga dawowa, masu ƙamshi suna tafe a baya suna jan ƙafa.

Wata yamma tana tafe, rana ta yi ja a kan rufin shaguna, sai wani abu ya tsayar da ita a gaban shagon kafinta. Dattijo ne da fensir a bayan kunne, yana feƙe wani farin katako, ɓawon yana nannaɗewa yana zuba a ƙafafunsa. Ƙurar katakon tana yawo a cikin hasken da ya shigo ta ƙofa. Abin da ke fitowa daga shagon mai daɗi ne, ɗanye, da ɗan ɗaci a ƙarshe. Ta tsaya ba ta motsa ba.

Dattijon ya ɗago. "Sannu, 'yata. Teburi ake so ko gado?"

"Ba ko ɗaya, Baba. In ba damuwa, ɗan tsayawa zan yi."

Ya dube ta, ya dubi titi ko wani take jira. Bai ga kowa ba. Sai ya jawo wata 'yar kujera da bai gama yi mata fenti ba, ya kaɗe ta da tsumma, ya ajiye mata a bakin ƙofa, ya koma kan katakonsa. Ta zauna, jakarta a cinya, ta lumshe ido. Yana tura abin feƙewa yana jawowa, ita kuma tana shaƙa a hankali, har masu shagunan gefe suka fara shigar da kayansu.